Duron haɗa taki mai juyawa: me yake koya wa ɗalibai, ina kuma yake gazawa?

Darasin rage shara yana da wuyar koyarwa a allo. Malami zai rubuta cewa shara iri biyu ce, mai ruɓewa da wadda ba ta ruɓewa, yara su kwafa a littafi, a kaɗa ƙararrawa, sai ka ga ledar ruwa a zube tun daga bakin aji har bakin get. Gani ya kori ji. Dole a sami abin da yaro zai taɓa da hannunsa, ya shinshina, ya auna, kuma duron haɗa taki mai juyawa yana cikin kayan da aka fi tallata wa makarantu don wannan aiki. Hukuncinmu a kansa tun farko: kayan koyarwa ne mai kyau, ya cancanci kuɗinsa, amma ba zai cinye sharar makaranta ba, balle ta gidajen ɗalibai. Makarantar da ta saye shi ba ta haɗa da sikeli ba, rabin darasi ta saya.

Asalinsa na masu ɗan lambu a bayan gida ne a Turai da Amurka. Akwai na kamfani, irin su IM4000 na FCMP da ake yi a Kanada, mai ɗaki biyu, yana cin kusan lita 140, da JK270 na Joraform daga Suwidin, mai lita 270, jikinsa na ƙarfe da abin riƙe zafi a ciki. Dukkansu aiki ne mai tsafta, sai dai kuɗin shigo da su ya fi ƙarfin yawancin makarantunmu, kuma idan wani ɓangare ya karye babu inda za a sami madadinsa. Wanda muke duba a nan shi ne na gida: shuɗin duron roba mai lita 200, irin wanda ake tara ruwa a ciki, tsawonsa kusan santimita 90, faɗinsa kusan 58. Mai walda zai kwantar da shi, ya zura bututun ƙarfe ta tsakiyarsa daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗora bututun a kan ƙafafu, ya yanka ƙofa a jikinsa, ya huda ramukan iska. Shi ke nan. Maimakon a juya tulin taki da shebur, sai a mirgina duron.

Kuskuren farko a wajen sayen duron ake yin sa. Yawancin shuɗayen durorin nan sun taɓa ɗaukar wani abu, kuma roba tana shan abin da aka zuba mata. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta ba a wanke shi ya fita, ko da omo ko da me. A nemi wanda ya ɗauki kayan ci, a karanta takardar da ke manne a jikinsa, a buɗe a shinshina. Idan an kankare takardar kuma mai sayarwa bai san abin da ke ciki da ba, a bar masa kayansa. Duro mai rufaffen kai da ƙananan baki biyu ya fi mai babban murfi, domin idan aka kwantar da mai murfi aka ɗora masa nauyi, murfin yakan karkace ya riƙa yoyo.

Sannan aikin walda, wanda a nan ne araha ba ta ado. Bututun tsakiya ya zama mai kauri, inci ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda ba ya saurin tsatsa. Inda ya ratsa robar kuwa dole a ɗaure farantin ƙarfe ciki da waje da noti. Idan aka bar robar ita kaɗai tana gogar bututu, cikin watanni ramin zai buɗe ya yi tsawo, duron ya sauka gefe guda, juyawa ta gagara. Ƙofa ta kai santimita 30 a kowane gefe, don shebur ya shiga, a kuma kewaye bakinta da siririn ƙarfe, a sa sakata biyu. Robar da aka yanka takan lanƙwashe a rana, kuma ƙofa mai sakata ɗaya takan buɗe daidai lokacin da nauyi ya faɗo mata, taki ya zube a ƙafar mai juyawa. A cikin duron a ɗaure ƙarafa biyu ko uku a tsawonsa, su zama kamar haƙarƙari. In babu su, kayan ciki zamewa kawai suke yi a jikin roba mai santsi, ba sa gauraya. Ramukan iska su zama na milimita 8 zuwa 10, kamar arba'in, a warwatse a jiki da kawunan biyu. Manya sun fi shigar da iska amma suna shigar da ƙuda da kyankyaso. Ƙasan duron ya yi nisan santimita 70 daga ƙasa don baro ya shiga. Abu na ƙarshe da masu walda suke mantawa shi ne ƙarfen da ake sokawa a tsayar da duron. A makaranta wannan ba abin wasa ba ne: duro mai kilo 60 a ciki idan ya juyo da kansa zai iya murƙushe yatsun yaro.

Kafin a zuba ko ɓawo ɗaya, a ba sikeli mako biyu. Ana buƙatar iri biyu: na ratayawa mai kilo 50, da ƙaramin na kicin mai kilo 5 saboda leda ba ta da nauyi. Kowane ɗalibi ya lura da sharar gidansu kwana bakwai, ya raba ta gida biyar: abin da ke ruɓewa, leda da roba, gwangwani da kwalba da ƙarfe, takarda da kwali, sai ƙasa da toka. Ba sai kowa ya kwaso ba. Gidaje goma da iyayensu suka yarda sun isa, sauran su ƙirga su rubuta. Allura, reza, batir, fasasshiyar kwalba da famfas ɗin jarirai ba a sa yaro ya taɓa su, a rubuta adadinsu kawai.

Akwai dalilin da ya sa muka nace da awon nan. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa kowane mutum a Najeriya yana zubar da kilo 189 na abinci a gida a shekara. Rahoton 2024 na wannan hukumar ya ce kilo 113, a lokacin da matsakaicin duniya yake kilo 79. Ƙiyasi ne, kuma ya haɗa da abin da ba a ci, kamar ɓawo da ƙashi. Lambar da ta yi irin wannan tsalle cikin shekara uku ba abin da za a sa yaro ya haddace ba ce. A rubuta ta a allo, a ce wa ɗalibai su gwada ta da abin da sikelinsu ya nuna. Yaron da ya raba nauyin sharar gidansu da yawan mutanen gidan, ya ninka da mako 52, ya yi lissafi na gaske, kuma ya koyi cewa alƙaluma daga awo suke fitowa.

Abin da awon yakan nuna a gidan Bahaushe yana da ban sha'awa, kuma littattafan da aka rubuta don wasu ƙasashe ba su san da shi ba. Dafaffen abinci kaɗan ne yake isa juji. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe. Ƙanzo a shanya a yi kwaɗo. Ragowar kwano a ba almajiri ko maƙwabci. Dusa, ƙasari, ɓawon doya da na dankali, duk na awaki da tumaki ne, tsakin hatsi na kaji. Wannan tsari ya riga duro, ya kuma fi shi. Malamin da ya sa yara su kwashe ɓawon da akuya za ta ci su kai wa duro ya koyar da baya: mutum ne farko, sai dabba, abin da dabba ta ƙi shi ne na taki. Ya kamata ɗalibi ya fita daga darasin yana ganin girman abin da mahaifiyarsa take yi a kicin, ba yana ɗaukan cewa an kawo masa ilimi daga waje ba. Haka ma maganar mai da shara taki. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a mangalar jaki da rani suna zubawa a gonakinsu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ake noma ƙasar shekara da shekaru ba a hutar da ita. Abin da ya ɓata wannan shara a yau shi ne leda da batir da kwalba da suka cakuɗu da ita.

Saboda haka makarantar jeka-ka-dawo takan rasa ɗanyen kayan da za ta cika duro. Maganin yana kusa: masu kayan miya suna zubar da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji, masu lemo da kankana suna tara ɓawo, mai shayi yana da jiƙaƙƙen ganyen shayi da ɓawon ƙwai. Makarantar kwana kuwa kicin ɗinta ya ishe ta, har ya yi wa duro ɗaya yawa.

Haɗin shi ne zuciyar aikin. Ƙananan halittun da ke ruɓar da kaya suna son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin. Busassun kaya, wato ganyen da ya zubo, karan gero da na dawa, yagaggen kwali, su ne masu kabon. Ɗanyu da kashin dabbobi su ne masu naitirojin. Ba a cika duron, sulusi biyu kawai ake zubawa, kusan lita 130, don kaya su sami wurin faɗowa. Da bokitin fenti mai lita 20, wannan ya zama bokiti huɗu na busassu, biyu na ɗanyu, da rabi na kashin awaki ko na shanu da aka farfasa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rubu'in bokiti ya isa. A ƙara cikin hannu biyu na ƙasar gindin bishiya ko tsohon taki. Babu buƙatar sayen wani ruwa ko gari da ake cewa yana ta da taki, halittun suna jikin kayan tun asali.

A sassara komai ya zama kamar gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 5. Karan da aka jefa da tsawonsa zai fito bayan wata uku kamar yadda ya shiga, ya kuma nannaɗe a jikin bututu. Sara da adda aikin malami ne ko manyan ɗalibai. Garin katako yana da kabon ƙwarai, yakan wuce kashi 200 a kan ɗaya, don haka kada ya wuce rabin bokiti, kuma kada ya zama na katakon da aka yi wa fenti ko magani. Buntun shinkafa da kwanson gyaɗa suna buɗe hanyar iska amma ba sa ruɓewa da wuri, za a gan su a ƙarshe, ba laifi ba ne. Ganyen mangwaro yana da tauri, a murje shi. Ganyen darbejiya yana yi, 'ya'yanta ne ba a so, don za su tsiro a lambu.

Abu biyu ne suka fi kashe duro a wajenmu: ƙasa da toka. Sharar tsakar gida tana da yashi mai yawa. Bokiti ɗaya na yashi ya kai kilo 30, ba ya ruɓewa, yana toshe iska, yana lanƙwasa bututu. A tankaɗe shara da raga kafin a zuba. Toka kuwa tana da amfani a gona, amma a cikin duro tana sa naitirojin ya tsere a iska, shi ne warin fitsarin da ake ji. Gwangwanin madara ɗaya ya ishi duro guda, ragowar a kai gona kai tsaye. Tokar da aka ƙona leda a cikinta ba ta shiga ko kaɗan.

Danshi ya zama kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, kuma hannu ne ma'auninsa. A damƙi kayan a matse. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, ya yi. Idan ruwa ya zubo, ya yi yawa. Idan ka buɗe hannu ya watse, ya bushe. Ruwan wankin shinkafa yana yi, ruwan sabulu ko mai gishiri ba ya yi. Juyawa kuwa sau biyar ko shida, bayan kowane kwana biyu ko uku. A nan malami zai sha fama, domin yara suna son juya shi kullum, kowa da ya wuce sai ya mirgina. Yawan juyi yana fitar da zafi, yana kuma mulmula jiƙaƙƙen kaya su zama dunƙule kamar fura, waje ya bushe ciki ya yi tsami. A sa kwaɗo a ƙarfen tsayarwa, a rubuta jerin masu juyawa a bango.

Yanzu babbar gazawarsa. Tulin taki yana riƙe zafi ne idan ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, wato lita dubu. Duron nan lita 130 ne a ciki, jikinsa siririyar roba. Zai yi ɗumi a kwana na biyu zuwa na biyar, wani lokaci ya haura digiri 50, amma da wuya ya zauna a nan, musamman a daren hunturu. Ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa don kashe ƙwayoyin cuta a rufaffen mazubi ita ce digiri 55 na kwana uku a jere. Tunda ba za a iya dogara da duron ya cika wannan ba, nama, kifi, miya mai mai, kashin kare da na kyanwa da bayan gida ba su da wuri a cikinsa. Ciyawar da ta yi 'ya'ya da ganyen shuka mai cuta ma haka. Kuma tunda an sa kashin dabbobi, a bi ƙa'idar da masu noma ba da sinadari ba suke bi a Amurka ga ɗanyen kashi: kwana 120 tsakanin zubawa a ƙasa da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Idan ana son latas cikin zango ɗaya, a haɗa duro guda ba kashin dabba, a ƙara ɗanyen ganye a madadinsa. Duk mai sayarwar da ya ce taki zai nuna cikin mako biyu, yana maganar duro mai riƙe zafi ne da haɗin da ba a kuskure komai ba. A lissafa mako shida zuwa takwas a cikin duro, da wasu huɗu a waje.

Ma'aunin zafi mai dogon tsinke ya cancanci saye, domin zanen hawa da saukar zafi a takarda shi ne darasin kimiyya mafi kyau da duron zai bayar. In babu, a soka rodi a tsakiya minti goma, a zaro a taɓa. Ɗumin da yaro zai ji a tafin hannunsa, a inuwa, ba wuta ba rana, ya fi shafi goma na bayani a kan halittun da ido ba ya gani.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Da hunturu busasshiyar iska tana shiga ta ramuka ta tsotse danshi cikin kwanaki, aiki ya tsaya cak. A duba danshi kowane juyi, a yayyafa lita ɗaya ko biyu, a lulluɓe duron da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, duron da ke rana gasa kayan yake yi, ba ruɓar da su ba, robar ma tana ƙonewa ta yi gautsi. Inuwar bishiya ko rumfa dole ce. Da damina matsalar ta juya: ruwa yana shiga ta ramukan sama da bakin ƙofa, don haka a bar ƙofar tana kallon ƙasa, a kuma tanadi buhun busasshen ganye tun da rani, domin a watan Agusta ba za a samu ba.

Hanci ne yake fara gane matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa, iska ta ƙare. A fasa dunƙulen da hannu cikin safa, a ƙara bokitin busassu. Wannan dama ce ta bayyana wa ɗalibai abin da ke faruwa a ƙarƙashin babbar bola, inda ruɓewa ba iska take fitar da iskar metan mai ɗumama duniya. Warin fitsari yana nufin kashin kaji ko toka ya yi yawa. Sanyi ba wari kuwa, ko bushewa ce ko ƙarancin ɗanyu. Tururuwa alamar bushewa ce. Farar funfuna ba komai ba ce. Tsutsa iri biyu ce: ƙanana farare masu tsinin kai na ƙudan gida ne, suna nuna an jefa abinci mai maiƙo ko an bar ɗanyu a sama ba a rufe ba. Manya masu ruwan ƙasa, masu gaɓa-gaɓa, kusan santimita 2, na wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro, ba ya cizo, tsutsarsa tana cin kayan da sauri, kaji kuma suna son ta. Ɗalibi mai asma ya tsaya nesa idan za a buɗe ƙofa, kuma bokitin ruwa da sabulu su zauna kusa da duron.

Gazawa ta biyu ita ce ɗaki ɗaya. Muddin ana ƙara sabon kaya, tsohon ba zai taɓa gamawa ba. Dole a tsayar da rana a rufe, kuma daga ranar sharar da ke zuwa ba ta da wurin zuwa. Shi ya sa na kamfani suke da ɗaki biyu, shi ya sa kuma muke cewa a sa mai walda ya yi biyu: ɗaya yana karɓa, ɗaya yana nuna. Idan kuɗi bai kai ba, duro ɗaya da rami a gefensa.

A zangon karatu na mako 12 ko 13, tsarin da ya fi zama shi ne mako biyu na awo, biyu na cikawa, bakwai na juyawa, sannan a juye a inuwa a rufe da buhu ya ƙarasa nuna lokacin hutu. Zangon farko ya fi dacewa, domin kaka tana kawo kara da ganye, takin kuma zai iske lambun rani. Wanda aka fara a Janairu zai iske damina, kuma juyewarsa za ta zo kusa da 30 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da shara, wadda aka fara yi a 2023. Rana ce mai kyau ta kiran iyaye su ga alƙaluman 'ya'yansu.

Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, ba ya ɗumi. Amma kada a yarda da ido kaɗai. A ɗaure jiƙaƙƙen cikin hannu a leda kwana uku, in an buɗe ya yi tsami, da saura. Gwajin da ya fi shi ne na iri: gwangwani biyu masu huji a gindi, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya rabi ƙasa rabi taki, kowanne a shuka ƙwayar latas ko tumatir 20. Bayan kwana goma, idan na taki bai kai kashi 80 cikin ɗari na abin da ya tsiro a ƙasa zalla ba, a ƙara masa mako biyu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma ƙwace naitirojin daga shuka.

Nawa za a samu? Kilo 55 zuwa 65 da aka zuba yakan dawo kamar 25 zuwa 30, sauran ya tafi a ruwa da iska. Tambayar ina sauran ya tafi ta isa darasi guda. Idan ana zuba kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, zai ishi fangali mai murabba'in mita goma. Ko a yi da shi tassa, ramukan shuka da manoman yankin Tawa a Nijar suka farfaɗo da fako da su: gram 300 a kowane rami zai ba da rami tamanin zuwa ɗari. Naitirojin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, na takin zamani na yuriya kuwa 46 ne, don haka kada a ce wa yara zai maye buhun takin zamani. Aikinsa gyara jikin ƙasa ne, ya sa jigawa ta riƙe ruwa.

Sai leda, wadda duron ba shi da abin cewa a kanta, alhali ita ce ta toshe kwata, ita ce mahauta suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Gidan da ke shan jaka biyu ta ruwan leda a rana, kowace mai 20, yana zubar da 280 a mako, 14,600 a shekara. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Nijar ta yi dokarta a 2014, Legas ta hana farin mazubin abinci na soso a farkon 2024. Doka daban, hali daban, kuma hali a gida ake canza shi: gorar ruwa daga gida, kwando ko jaka zuwa kasuwa, kwano zuwa wurin mai ƙosai da koko, kwalba zuwa wurin mai manja. Ƙarfe da gwangwani suna da masu saye, robar lemo masu zoɓo da kunun aya suna nemanta. A zaɓi biyu daga cikin waɗannan, gidajen nan goma su gwada, a mako na goma sha biyu a sake hawa sikeli. Bambancin awon farko da na biyu shi ne sakamakon darasin rage shara. Takin duro ƙari ne. Haɗarin duron shi ne ya ɗauke hankali: abu ne mai kyan gani, baƙi suna ɗaukar hotonsa, sai a manta cewa ragewa ta riga sarrafawa.

Makarantar ƙauye mai fili, da kara da kashin dabbobi a yalwace, ba ta buƙatarsa. Tuli mai mita ɗaya ko rami ya fi shi zafi, ya fi shi yawa, kuma shebur da manjagara kawai yake ci. Duron na makarantar birni ne mai matsatsin fili ko daɓen siminti, inda ɓera da gafiya da ƙorafin maƙwabta za su hana buɗaɗɗen tuli, da kuma ajin ƙananan yara da ba za su iya juya tuli ba. Ko a can, sai an sami malami guda da aka ɗora wa alhakinsa da suna, domin duron da kowa ke kula da shi kwandon shara yake komawa kafin zango ya ƙare. Kafin dogon hutu a juye shi tas, a ɗauraye ba sabulu, a shafa giris inda bututu ke juyawa, a ƙara matse notin farantan kai, a bar ƙofar a buɗe tana kallon ƙasa don ruwa kada ya taru sauro ya yi ƙwai.